Batirin Mota: Zafi Ke Kashe Shi, Sanyi Ke Kai Labari

Wata safiya cikin hunturu, yara sun shige mota da jakunkunan makaranta, ka murɗa makulli, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, inji ko gezau. Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce, "Ai sanyin nan ne, Malam, shi ya kashe maka batir." Kowa haka yake cewa, ni ma na daɗe ina cewa haka. Amma sanyi bai kashe komai ba. Tun bazara batirin nan ya ji jiki, tun watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Sanyi ya zo ya tarar da majinyaci ne kawai. Man inji ya yi kauri, juya inji ya ƙara nauyi, shi kuma batir dama ƙarfinsa kan ragu in gari ya yi sanyi. Ɗan abin da ya rage masa bai isa ba, sai ya kwanta.

Batir yakan tsufa, gaskiya ne, amma yawancin waɗanda muke zubarwa ba tsufa ya kashe su ba. Wani abu ne a motar, ko a ɗabi'ar mai motar, ya ci kwanansu. Wanda ya sa sabo bai gano wannan abin ba, kafin shekara ta zagayo zai sake komawa kasuwa, yana zagin kamfani.

Abin da ke cikin akwatin

In da za ka fasa batirin mota, kuma kada ka fasa, za ka tarar da ɗakuna 6 a jere. Kowane ɗaki na da farantan dalma jiƙe cikin ruwa mai haɗe da asid, kuma kowanne na ba da wuta kusan bolt 2.1. Haɗa shida ka samu 12.6. Shi ya sa batirin da ake kira mai bolt 12, in har lafiyarsa ƙalau kuma a cike yake, ya ɗara 12 da kaɗan. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro wannan dabara a 1859, kuma har yau asalinta bai sauya ba.

Aikin batir a mota gajere ne ƙwarai. Yana ba kik wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu don ya juya inji. Da inji ya tashi, caja, wato altaneta, ita ke ɗaukar nauyin fitilu da rediyo da na'urar sanyi, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Don wannan gajeren aiki mai ƙarfi aka yi farantansa sirara masu yawa. Ba a yi shi don a zuƙe shi ƙarƙaf a sake cikawa ba. Duk lokacin da wuta ta fita, wani farin gishiri kan taru a jikin farantan, in aka yi caji ya narke ya koma cikin ruwan. In kuwa aka bar batir babu caji kwana da kwanaki, gishirin ya daskare ya yi tauri, wurin da ya kama ya mutu ke nan. Daga nan kowace ƙarewa da batir ya yi, wani yanki na ƙarfinsa ya tafi ba dawowa.

Shekara nawa ya kamata ya yi? A ƙasashe masu sanyi, batir mai kyau kan yi shekara 3 zuwa 5, wani ma ya wuce. A irin zafinmu, in ka samu shekara 2 zuwa 3, ka ci kuɗinka. Injiniyoyi na da wani lissafi na kusan-kusan: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage kwanan batirin dalma da kusan rabi. Zafi na ƙone ruwan, yana kuma cinye ragar da ke riƙe da farantan. Saboda haka direban da ke Jos da na Nguru ba za su taɓa samun tsawon kwana daidai daga batir iri ɗaya ba. Amma batirin da ya mutu cikin wata 8 ko 10, ba zafi kaɗai ba ne. A nemi mai laifi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Na farko a jerin masu laifi shi ne gajeriyar tafiya. Daga gida zuwa ofis minti 10, cikin cunkoso, na'urar sanyi a kunne, a kashe, a sake tayarwa zuwa makarantar yara, a kashe, a je kasuwa. Kowane tashi ya ɗebi wuta, caja ba ta samu sararin mayarwa ba. Batirin irin wannan mota kullum a rabin ciki yake kwana, gishirin nan yana ta taruwa a hankali. Motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ta fi ta Hajiya da ba ta wuce unguwa riƙe batir, in dai an ɗaure shi da kyau.

Ɗaurin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Leƙa bonet goma a kowace tasha, za ka samu wasu babu ƙarfen da ke danne batir. Wani an ɗaure da robar tayar babur, wani da igiya, wani an bar shi da nauyinsa kawai. A hanya mai ramuka girgiza na kakkaɓe abin da ke jikin farantan ya zube ƙasan ɗaki, in ya taru ya haɗa faranti da faranti, ɗakin ya mutu. Batir mai ɗaki 5 ba ya tada mota. Banda haka, batirin da ya yi tsalle kansa ya taɓa bonet na iya tada gobara.

Sai ɓarayin wuta, wato abubuwan da ke shan wuta bayan an kashe mota. Fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, amfilifaya da aka jona kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota da aka sa da gaggawa, cajar waya da aka bari a soket. Motar zamani dama tana ɗan sha don agogo da ƙararrawa da kwamfutarta, amma bai kamata ya wuce kimanin miliamfiya 50 ba. In motarka na tashi lafiya kullum amma in ta kwana biyu a ajiye ta ƙi, kai ta wurin mai rewaya ya sa mita, ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda in an zare shan ya faɗi. Nan ɓarawon yake.

Akwai kuma ɗabi'ar da rashin wuta ya koya mana: a ciro batirin mota da dare a jona fanka ko talabijin, da safe a mayar. Na fahimci dalili, wanda ya kwana cikin zafin Afrilu ba wuta ba zai yi wa kowa wa'azi ba. Sai dai a sani, batirin sola da na inbata farantansu masu kauri ne, an yi su don a zuƙe a cika. Na mota in ka yi masa haka sau da yawa, wata uku ya ishe shi.

Maganar ruwa gajera ce. In batirinka mai murafu ne da ake buɗewa, duba shi duk wata, musamman da bazara. Ruwan ya rufe farantan, ya tsaya a kan layin da aka zana. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa. Ba fiya wata ba, ba ruwan rijiyar burtsatse ba, domin gishirin da ke cikinsu na lalata farantan. Kada kuma ka yarda wani ya ce zai ƙara maka asid don batir ya yi ƙarfi. Ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan inda yake. In ka ƙara, za ka ga ƙarfi na kwana biyu, sannan farantan su narke.

Auna kafin ka saya

Na taɓa sayen batir biyu cikin shekara guda don wata tsohuwar mota da na riƙe. Da na biyu ya fara ja da baya, na kai ta wurin wani dattijo mai rewaya ina ta ƙorafi a kan jabun kaya. Bai ce mini komai ba, ya ɗauko 'yar mitarsa ya ɗora, ya ce in tada mota. Ya duba ya ce, "Alhaji, batirinka ba shi da laifi, yunwa ce ke kashe shi. Caja ba ta ba shi abinci." Fanbel ne ya saki yana zamewa. Abin da ya ɗaure cikin minti biyar shi ya ci mini kuɗin batir guda.

Mitar nan ba ta da tsada, kuma duk mai mota zai iya koyon aiki da ita. Juya ta zuwa bolt 20 na wutar batir, ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar +, baƙin a mai alamar −. Yi awon da safe kafin ka tada mota, ko aƙalla bayan ta huta 'yan sa'o'i, domin batirin da ya sauka daga caji yanzu-yanzu yakan nuna fiye da abin da yake da shi. In ka ga 12.6 ko sama kaɗan, a cike yake. 12.4 ya ragu da kusan kwata. 12.2 rabi ne. In ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa, kusan babu komai a ciki. In ka ga wajen 10.5, akwai alamar ɗaki guda ya mutu.

Amma cika daban, ƙarfi daban. Tsohon batir na iya nuna 12.6 ya kuma kasa juya inji, kamar randar da laka ta cika rabinta: a ido ta cika, in an ɗiba ba yawa. Don haka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Lokacin da kik ke juyawa lambar za ta faɗi, amma kada ta sauka ƙasa da wajen 9.6. In ta faɗi zuwa 7 ko 8 alhali batir a cike yake, ya gama aiki. Da inji ya tashi, sake dubawa. Caja mai lafiya na ba da tsakanin 13.7 da 14.7 ko kusa da haka. In lambar ta tsaya a 12 da ɗoriya, caja ba ta aiki, ko fanbel ya saki. In ta haura 15, caja na dafa batir, kuma galibi za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko ka ga cikin batir ya kumbura. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke sarrafa cajarsu, lambar takan hau ta sauka, don haka a kunna manyan fitilu a sake dubawa kafin a yanke hukunci.

Jar fitilar nan mai hoton batir da ke kan dashbod, yawanci ba batir take nufi ba. In ta kama kana cikin tafiya, cewa take caji ya tsaya, motar na tafiya da abin da ya rage a batir. Kashe na'urar sanyi da rediyo ka nemi gareji mafi kusa. Haka ɗan idon gilashin da ke saman wasu batura, mai nuna kore: ɗaki ɗaya kawai yake kallo cikin shida. Yana iya yin kore shar alhali maƙwabcinsa ya mutu.

Wani lokacin ma ba batir ba ne, ba caja ba. Kan batir ne ya saki, ko farin gari mai shuɗi-shuɗi ya taru ya hana wuta wucewa. Kama kan da hannu ka murɗa. In ya juya, ka samu matsalarka.

Gwaji biyu ne nake roƙon a daina. Na farko, haɗa kawunan batir da waya ko sifana don a ga tartsatsi. Batir na fitar da iskar haidurojin, mai kamawa da ƙyastu ɗaya, kuma batirin da ya fashe asid yake watsawa a fuska. Na biyu, zare kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, ko tada mota da batirin aro sannan a cire a mayar da nata tana kunne. A zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, an yi haka an kwana lafiya, domin babu kwamfuta a cikinta. Motar yau cike take da kwamfuta. Batir ne ke shanye hauhawar wutar da caja ke yi. In ka zare shi, wutar na iya tsalle ta ƙone cajar ko ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa.

A kasuwa

Ko a Kofar Ruwa ta Kano kake, ko Panteka ta Kaduna, ko shagon bakin titi, tambayar farko da za a yi maka ita ce, "Mai nawa?" Ana nufin lambar da ke gaban haruffan Ah: 45, 62, 75, 100. Wannan girman randar ne, wato yawan wutar da batir ke iya ajiyewa. Akwai wata lambar kuma, CCA, wadda ke nuna ƙarfin bugun da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Irin wannan sanyi ba namu ba ne, amma lambar na da amfani wajen gwada batir biyu masu girma ɗaya. Duba littafin motar, ko abin da ke rubuce a kan tsohon batir in ka tabbata shi ne daidai. Ɗara kaɗan ba ya cutarwa in ya shiga mazauninsa. Ragewa don araha kuwa wahalar da kai ne.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gefen da kawunan suke. Motocin Japan irin su Toyota da Honda galibi na amfani da batir mai lamba kamar 55D23L. Lamba 23 tsawonsa ne a santimita, harafin ƙarshe kuma, L ko R, shi ke nuna gefen da kan negetif yake. In ka sayi R alhali L motarka ke so, wayoyin ba za su kai ba, kuma in aka ja su da ƙarfi ko aka ƙara musu tsawo, an shuka matsala. Motocin Turai irin su Golf da Mercedes na da nasu tsarin, batirinsu gajere ne a tsaye, kawunan a nutse, ana danne shi daga ƙasa. Wasu ƙananan motocin Japan ma kawunansu sirara ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton tsohon a inda yake, ko ka je da shi. In motarka mai kashe kanta ce a danja ta sake tashi in ka ɗaga ƙafa daga birki, batirinta na musamman ne, za ka ga AGM ko EFB a jikinsa. Irinsa za ka mayar.

Sai shekaru. Batir na fara tsufa ne daga ranar da aka zuba masa asid, ba ranar da ka saya ba. Wanda ya yi shekara a kan kanta cikin zafin shago ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa. Nemi ranar da aka yi shi, a kan 'yar takarda ko a buge a jikin robar. Kowane kamfani da yadda yake rubutawa. Wasu na sa harafi don wata, A Janairu, B Fabrairu, da lamba ɗaya don shekara. Ka ce mai shago ya nuna maka. Wanda bai wuce wata 6 ba shi ake so. Ka kuma sa a ɗora mita a gabanka, sabon batir kada ya gaza 12.4. Ɗaga shi ka ji nauyi, domin dalma ce tsadar batir, kuma wanda ya cika sauƙi a hannu an yi rowar ta. Duba kawunan: in da zane-zanen da aka taɓa ɗaurewa, an wanke tsoho ne aka manna sabuwar takarda, kada ka yi wa rogo kallon kitse. Batirin tokumbo kuwa caca ce, ba ka san shekarunsa ba, ba ka san sau nawa ya ƙare ba. Karɓi rasit da katin garanti mai kwanan wata da hatimin shago. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne.

Canja batirin

Kayan aikin ba yawa: sifana lamba 10 ga yawancin motocin Japan, wani lokaci 12 ko 13 don ƙarfen dannewa, burushin waya ko samfefa, tsumma, ɗan giris ko basilin, safar hannu da tabarau. Cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa in ya haɗa wuta, cikin daƙiƙa yake yin ja a yatsa. Kada wani ya tsaya kusa da taba a baki.

Tsayar da mota a fili, ja birkin hannu, kashe komai, zare makulli ka sa a aljihu. Kada ka bar shi cikin mota, domin wasu motoci na kulle ƙofofinsu da kansu da zarar an mayar da wuta. In rediyon motarka mai neman lambar sirri ne, kamar na wasu tsofaffin Honda, nemo lambar tukuna.

Gane kawunan da alamar da ke jikin batir, + da −, ba da launin waya ba, domin motar da ta bi ta hannu da yawa an sha canza mata waya. Kan + ya ɗan fi kauri.

Yanzu ga abin da ya fi komai: negetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe. Dalilin ya cancanci a fahimta, don wanda ya fahimta ba ya mantawa. Wayar negetif a jikin motar take ɗaure, wato duk ƙarfen motar, inji da bodi, negetif ne. In ka fara da kan + sifanarka ta goga ko'ina a jikin ƙarfe, ka haɗa kawunan batir biyu ke nan ta cikin sifanar da ke hannunka, wuta mai ɗaruruwan amfiya ta bi. In kuwa ka fara da −, ko sifana ta taɓa bodi babu abin da zai faru, tun da dama haɗe suke. Da ka cire shi, hanyar ta yanke, kan + ya zama ba haɗari sai in ka haɗa shi da ɗan'uwansa kai tsaye. Don haka kada ka taɓa ajiye sifana a saman batir.

Sassauta notin negetif, murɗa kan hagu da dama har ya fito, kada ka ɓanɓare da sukundireba. Kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba. Cire na +, ka naɗe shi da tsumma. Kwance ƙarfen dannewa. Ɗaga batir a miƙe da hannu biyu, ka nisanta shi da riga. Nauyinsa kan kai kilo 12 zuwa 20 ko fiye, kuma ɗigon asid ɗaya ya isa ya huda shadda. In da rigar da ke kewaye da batirin, ta roba ko ta soso, kada ka jefar. Ita ke kare shi daga zafin inji, kuma a ƙasarmu ta fi amfani fiye da inda aka ƙera motar.

Kafin sabo ya shiga, share mazaunin. Farin garin nan asid ne ya haifar da shi, kuma maganinsa na cikin madafa: jiƙa kanwa ko bakin soda a ruwa ka zuba, za ka ga yana kumfa, in kumfar ta tsaya ka ɗauraye ka goge. Ka dai kula ruwan kanwa kada ya shiga cikin batir, don zai kashe asid ɗin da ke ciki. Kankare cikin zoban wayoyin da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Zoben da ya tsage ko ya buɗe har ba ya kamawa, canza shi. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani, ko dukan kan da dutse, dabarar bakin hanya ce. Dukan na fasa inda kan ya haɗu da robar, daga nan asid ya riƙa tsattsafowa, garin ya dawo.

Sa sabon, ka tabbata + na gefen wayar +. Duba sau biyu, domin juya kawunan na ƙone babban fis da caja nan take. Ɗaure ƙarfen dannewa har batir ya daina motsi, ba har robar ta lanƙwashe ba. Sa kan + ka ɗaure, ka mayar da jar hularsa. Sa na − a ƙarshe; ɗan ƙaramin tartsatsi a nan ba komai ba ne. Murɗa kowanne da hannu, kada ya juya. Shafa giris ko basilin a sama bayan an ɗaure, ba kafin ba.

In batirin a but yake ko ƙarƙashin kujera, kamar na wasu BMW da Mercedes, akwai siririn tiyo da ke fitar da iskarsa waje, a mayar da shi. Irin waɗannan motoci kuma da yawansu sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Wannan aikin mai na'urar gwaji ne. Motar da ke haɗa fetur da lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12 da ake canzawa haka, amma wayoyinta masu ruwan lemo na babban batir ne, wutarsu na kisa, ba a taɓa su.

Tada mota ka bar ta ta yi 'yan mintuna. In silo ya ɗan hau ya sauka, kwamfuta ce ke sake koyo, zai daidaita bayan ɗan tuƙi. Gyara agogo. In gilashin ƙofa ya daina hawa da taɓi ɗaya, sauke shi ƙasa duka, ɗaga shi sama ka riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu. A yawancin motoci wannan ya isa. Ɗora mita ka ga caja na ba da abin da ya kamata. Sannan ka samu fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa ka rubuta wata da shekara a saman batir.

In asid ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta zuba ruwa aƙalla minti 15, sannan asibiti, ba jira.

In ya mutu a hanya, da in za a ajiye mota

Mota mai giyar hannu ana tura ta, otomatik ba a turawa. Aron wuta da waya kuwa ga yadda ake yi: ja a kan + na mataccen, ɗaya bakin jan a + na mai rai, baƙi a − na mai rai, bakin ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, don tartsatsin ƙarshe kada ya tashi kusa da iskar nan. In ta tashi, a cire daga na ƙarshe zuwa na farko. Kada a ɗebo daga tirela ko babbar mota mai bolt 24. Kuma barin mota a silo minti goma ba ya cika batirin da ya ƙare. Kai shi wurin mai caji ya kwana, a hankali, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba, wato amfiya 6 ga mai 60. Cajin gaggawa dafa shi yake yi.

Mai tafiya aikin Hajji ko wata doguwar tafiya, ya cika batir, ya cire kan negetif, ya bar motar a inuwa. Yaron da ake bari yana tada ta minti biyar kowace safiya ɗiba yake yi, ba zubawa ba.

Tsohon batirin da ka cire kuma kada ya kwana a zaure. Dalma guba ce, yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar kuwa, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu, kuma daga tsofaffin baturan mota ne da ake fasawa ana narkarwa a cikin unguwa. Kada ka zubar da ruwansa a kwata, kada ka bar almajiri ko ɗan jari-bola ya fasa shi a ƙofar gidanka. Yawancin masu sayar da batir na karɓar tsoho su rage maka kuɗi, don haka tun wajen ciniki ka tambayi nawa za a cire. Sa shi a kwali, a miƙe, murafunsa a rufe, ka mayar musu a ranar.